Hirar Bakin Wuta a Saliyo da Shirun da Ke Gidajenmu

Tun lokacin da aka fara mayar da tubabbun 'yan Boko Haram garuruwansu a jihar Borno, akwai tambayar da ta ƙi barin zuciyata. Yaya matar da aka kashe wa miji a gaban idonta za ta riƙa cin karo da wanda ya yi kisan a kasuwa ko a kan hanyar gona, alhali babu wanda ya taɓa zama ya tambaye ta abin da ta gani? Sojoji sun fara shirinsu na gyaran halin tubabbu a 2016, suka kafa sansani a Malam Sidi ta jihar Gombe, kuma bayan mutuwar Abubakar Shekau a 2021 dubban mayaƙa da iyalansu sun fito daga daji sun miƙa wuya. Wanda ya yi ɓarna ya samu masu sauraronsa da masu yi masa nasiha. Wadda aka yi wa ɓarnar kuwa, abin da ta fi samu daga gare mu shi ne, "A yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara."

Wannan tambaya ce ta sa na daɗe ina bibiyar abin da ya faru a Saliyo, ƙasar da ta riga mu ɗanɗana irin wannan masifa. Yaƙin basasarta ya fara a watan Maris na 1991 a ƙauyen Bomaru da ke gundumar Kailahun, kusa da iyakar Laberiya, bai kuma ƙare ba sai a 2002, bayan ya ci rayukan mutum fiye da 50,000. An yanke wa mutane hannuwa, an yi wa mata fyaɗe, an tilasta wa yara ƙanana ɗaukar bindiga, wasu ma a kan danginsu aka fara sa su gwada ta. Da ƙura ta lafa, an kafa kotu ta musamman wadda ta hukunta 'yan tsirarun shugabanni, ciki har da tsohon shugaban Laberiya Charles Taylor, wanda aka yanke wa ɗaurin shekara 50 a 2012. An kuma kafa hukumar bin gaskiya da sasantawa, ta yi zamanta a 2003, ta miƙa rahoto a 2004. Sai dai yawancin zaman nata a Firitawun, babban birnin ƙasar, da hedkwatocin gundumomi aka yi shi, manomin ƙauye bai samu zuwa ba, kuma afuwar da yarjejeniyar zaman lafiya ta Lome ta 1999 ta yi wa mayaƙa ta sa da yawansu sun koma gida suna maƙwabtaka da waɗanda suka zalunta. Kowa ya san abin da kowa ya yi, amma baki ya mutu.

A cikin wannan hali ne wani ɗan rajin kare haƙƙin ɗan Adam mai suna John Caulker ya kafa shirin Fambul Tok a 2007, wato "maganar iyali" a harshen Kiriyo. Tunaninsa shi ne a mayar da maganar yaƙi inda aka yi yaƙin, a kuma yi ta yadda kakanni suka saba kashe rigima. Ba a faɗa wa ƙauye rana tsaka. Sai an shafe watanni ana tuntuɓar sarakuna da limamai da fastoci da shugabannin mata da na matasa, a kafa kwamiti daga cikin mutanen wurin, su ne kuma za su tsayar da rana. Idan ranar ta zo, da yamma sai a hura babbar wuta a fili, jama'ar ƙauyukan da ke kewaye su taru, a yi kiɗa da rawa har dare ya fara yi. Daga nan sai fili ya yi tsit, wanda aka zalunta ya miƙe ya faɗi abin da aka yi masa, sau da yawa ya nuna wanda ya yi da yatsa, domin yana nan zaune a cikin taron. Shi ma sai ya fito tsakiya, ya amsa laifinsa, ya bayyana yadda abin ya kasance, ya durƙusa ya roƙi gafara. Washegari a yi yanka da addu'o'in tsarkake ƙasa, a ci abinci tare. Bayan haka ƙauyuka kan keɓe wata bishiya wadda za a riƙa zama ƙarƙashinta idan saɓani ya taso, su buɗe gonar haɗin gwiwa, su shirya wasan ƙwallo. An hura wutar farko a 2008 a gundumar Kailahun, inda yaƙin ya faro.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce mu kwaikwaye su kawai. Amma wasu masana uku, Jacobus Cilliers da Oeindrila Dube da Bilal Siddiqi, sun bi diddigin shirin a ƙauyuka 200, suka tattauna da mutum fiye da 2,000, suka kwatanta inda aka hura wuta da inda ba a hura ba, suka wallafa sakamakon a mujallar Science a 2016. Sun tarar cewa a ƙauyukan da aka yi zaman, mutane sun fi yafe wa waɗanda suka cuce su, sun fi amincewa da tsofaffin mayaƙa, zumunci ya ƙaru, aikin gayya da shiga ƙungiyoyi sun ƙaru. Sun kuma tarar da wani abu mai nauyi: a waɗannan ƙauyuka dai, ciwon damuwa da fargaba da firgicin tuna abin da ya wuce sun ƙaru a zukatan mutane, kuma ƙarin bai gushe ba har bayan fiye da shekara biyu da rabi. Gari ya samu lafiya, amma mutanen da suka buɗe cikinsu domin garin ya samu lafiyar sun koma ɗaki da tsohon miki a fame.

Na daɗe ina juya wannan sakamako, kuma ban ɗauke shi hujjar a yi shiru ba. Abin da ya nuna mini shi ne, faɗar labari sau ɗaya a gaban taro aiki ne irin na wanzamin da ya tsaga ƙurji: tsagawar wajibi ce, amma idan ya tattara kayansa ya tafi bai dawo wanki da ɗauri ba, ya bar mai ciwo cikin haɗari. Matar da ta tsaya a gaban ɗaruruwan mutane ta faɗi abin da ta shekara goma tana ɓoyewa, tana bukatar wanda zai leƙo ta washegari, da mako mai zuwa, da ranar da mafarkin ya dawo. Su kansu masu binciken shawarar da suka bayar ke nan, cewa a gyara tsarin yadda za a rage wa mutane wannan nauyi, ba a watsar da shi ba.

Ɗaya ɓarin amsar yana Zimbabuwe. A unguwar Mbare ta birnin Harare, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata 14 waɗanda da ma suke aikin wayar da kai kan lafiya, ya ajiye musu benci a harabar asibitin unguwa, abin da ya zama shirin Friendship Bench, wato "bencin abota". Mai damuwa kan zo ya zauna da kaka ɗaya, su biyu kaɗai, ya faɗi labarinsa daga farko, ita kuma ta saurara ba tare da yanke masa hukunci ba, sannan ta taimaka masa ya zaɓi matsala guda daga cikin tarin matsalolinsa su nemi bakin zarenta. Zama shida ake yi, ba ɗaya ba. A gwajin da aka yi da mutum 573 a asibitoci 24, wanda mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa a 2016, bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin ke nuna alamun ciwon damuwa, alhali a cikin waɗanda suka samu kulawar da aka saba kusan rabi ne. Waɗannan tsofaffi ba su da digiri. Abin da suke da shi haƙurin sauraro ne, da riƙon sirri, da horo na 'yan kwanaki, da kuma ƙwararren da za su tura wa wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsu.

Mu Hausawa ba baƙin wannan hikima ba ne. Yarinyar da ta tashi a hannun kishiyar uwa, idan ta zauna a gaban kakarta da dare ta ji tatsuniyar marainiyar da aka aika rafi mai nisa wankin ƙwarya, ta san da wa ake, kuma ta kwana da sanin cewa wani ya ga halin da take ciki, ko da ba a ambaci sunanta ba. Addininmu ma bai hana kokawa ba. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi kukan rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, bai kuma fita daga sahun masu kyakkyawan haƙuri ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya sauko daga kogon Hira jikinsa na rawa, Nana Khadija ya fara ba labari, ita kuwa sai da ta lulluɓe shi ta ji abin da ya faru kafin ta ƙarfafa masa zuciya. Sauraro ne ya zo farko, lallashi ya biyo baya.

Mu kuwa mun juya tsarin. A zaman makoki, da zarar mai takaba ta buɗe baki ta fara cewa, "Ranar da abin zai faru, da asuba ya ce mini...", sai mata uku su tare ta a lokaci guda: "Haba, ki yi shiru mana, addu'a yake bukata." Niyyarsu mai kyau ce, amma jimlar da ta fara ba ta ƙarasa ba, kuma bayan sadakar bakwai kowa zai watse ya bar ta da ita. Muna cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, muna yabon kawaici da dangana, kuma halaye ne na girma. Sai dai idan an wuce da su gona da iri, sukan zama ƙofar da aka rufe wa mai ciwo, har sai abin ya fito ta hawan jini, ko rashin barci, ko faɗa da 'ya'ya ba dalili, mu kuma mu ce aljanu ne ko sammu.

Akwai wata baiwar Allah da rikicin 'yan bindiga ya koro daga ƙauyensu, wadda ke zuwa gidanmu wanki. Ta daɗe tana zuwa ba ta cewa komai bayan gaisuwa. Wata rana mahaifiyata ta jawo kujera 'yar tsugunne kusa da bahon, ta ɗauki ɗauraya, ta ce mata, "'Yar nan, wai a garinku me kuke shukawa?" Sai ta fara da gero da wake, da tsamiyar da ke ƙofar gidansu, da sunan saniyar da ta fi ba da nono. Ba ta kai ga daren da aka shigo musu ba sai bayan makonni, kuma da ta kai, hannunta na cikin kumfa, idonta na kan zanen da take cuɗawa. Mahaifiyata ba ta katse ta ba, ba ta tambaye ta abin da ba ta faɗa ba. Da ta gama ne ta ce, "Allah ya isar miki, ya jiƙan waɗanda suka tafi. Gobe ki zo da wuri mu karya tare." Na lura cewa ba da mutuwa matar ta fara ba, da rayuwar da aka raba ta da ita ta fara, domin ita ma tana cikin abin da take makoki.

Abin da nake tsoro shi ne mu ɗauki rabin darasin Saliyo mu bar rabi. Na ga yadda ake tara 'yan gudun hijira a gaban kyamara, a sa yarinyar da aka sako daga hannun masu garkuwa ta maimaita abin da aka yi mata, a watsa a Facebook da TikTok da fuskarta a buɗe, sannan kowa ya kama gabansa, ita kuma ta koma unguwar da za a riƙa nuna ta da baki. Wannan cin amana ne, ko da da sunan tausayi aka yi shi. Haka kuma taron sulhun da za a kira a fadar hakimi, a ce kowa ya yafe kafin la'asar saboda manyan baƙi za su koma, ba zai haifar da komai ba sai ƙarin ƙulli. Yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ce, shi ke da ikon bayarwa da ikon jinkirtawa.

Mutum fiye da miliyan biyu rikicin arewa maso gabas ya raba da gidajensu, ban da na Zamfara da Katsina da Sakkwato da waɗanda suka tsallaka Maraɗi da Diffa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri da Kaduna da Kware ba za su iya ɗaukar wannan jama'a ba, likitocin fannin kuma 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Amma kowace unguwa tana da ungozoma, da malamar Islamiyya, da tsohuwar da ake kai wa ƙarar miji, da limamin da ake tsayawa a gaisa da shi bayan sallar asuba. Waɗannan su ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su zaɓa, da shawarar masu unguwanni, a koya musu yadda ake barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa, da yadda ake gane wanda ya fara tunanin halaka kansa domin a garzaya da shi asibiti, a kuma ɗauki alkawarinsu cewa abin da aka faɗa musu ba zai fita zaure ba. Duk garin da ke shirin karɓar tubabbu, a fara kafa irin waɗannan mutane watanni kafin motar farko ta iso, kuma a ci gaba da biyansu ɗan abin sabulu shekaru bayan an watse daga taron sulhu.