An wanke ƙanena, amma wa zai biya shi?

Wallahi har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Ƙanena ya yi shekara 6 yana yaron shago wurin wani ɗan kasuwa nan Maradi, ranar da ya ce zai buɗe nashi teburi sai maigidan ya ce jikka 300 sun ɓace cikin akwati, ya je komisariya ya kai ƙara. Yaro ya kwana biyu a tsare, aka kai shi gaban prokirer, wato mai gabatar da ƙara na gwamnati, daga nan sai kaso, ni nake kai mishi fura cikin kwano kullum da la'asar, in ya karɓa ko ido ba ya iya haɗawa da ni. Da aka zo gaban alƙali babu sheda ko ɗaya, littafin shagon ma ya nuna maigida ne ya ɗauki kuɗɗin da hannunshi ya aika Jibiya. Aka sallame shi.

To sai Inna ta ce ku bar shi da Allah. Na gane ta, tsohuwa ta gaji. Amma fa gidan da yake neman aure sun janye, unguwa har yau wasu na nuna shi da baki, kuɗɗin awoka kuma bashi muka ci.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba, dokar hukunta laifuka ta Nijar ta ɗauki ƙarar ƙage laifi ne, ana ɗaure mutum a kanta har da tara. Kuma aya ta 1382 ta dokar farar hula ta ce duk wanda ya jawo ma wani hasara da laifinshi sai ya biya diyya. Sai dai ba don wanda ya kai ƙarar ya faɗi shari'a kawai za a kama shi ba, dole ka nuna ya san ƙarya yake, ƙeta ce ta kai shi. Shi ya sa takardar hukuncin da ta wanke ka, kar ka bar tirbinal ba ka nemi kofi ba, ita ce makaminka. In ba ka da halin awoka akwai hukumar ANAJJ mai taimaka ma talaka kan shari'a.

Jiya na zauna da Inna na ce mata Inna ki yi haƙuri, ba ramuwa nake nema ba, yanzu haka akwai wani yaron cikin shagon nan yana riƙe da makulli. Ta yi shiru, can ta ce in je in karɓo takardar. Litinin da safe zan tafi.