Olsar Yaya ba ta yaji ba ce

Shekara da shekaru Yaya na fama da olsa a nan Maraɗi. An hana shi yaji da tsami, ya sha magani har ya gaji, ga zawo, ga tsakuwar ƙoda. Sai da muka je Yamai aka gano ɗan ƙari ne a farkon ƙaramin hanji, yana zubo sinadarin gastirin da ke sa ciki ambaliyar asid.

Tambayar likita ce ta girgiza ni: "Mahaifinku ya yi irin wannan ciwo?" Wallahi ya yi, Allah Ya jiƙan Baba.

Likitan ya ce akwai ƙwayar gado mai suna MEN1, an gano ta a 1997, aikinta taka wa ƙari birki. In ta samu tangarɗa, ƙari kan fito a hanji, a gaɓar da ke yin insulin, ko a wuya, har kalsiyam ya yi yawa a jini. Kowane ɗan mai wannan tangarɗa, namiji ko mace, rabi da rabi ne ya gaje ta.

An tura jinin Yaya waje, sakamako ya tabbatar. Jibi za a ɗebi nawa da na ƙannena uku. Ku sa mu a addu'a.