Wasiƙun kakana daga Boma suka kai ni Kumasi

Tun asuba na bar unguwar Nima ta Accra na kama bas a tashar Circle, don Goggo ta bugo waya ta ce in zo in ga abinda ta tarar a ƙasan adakar marigayi kakanmu, kuma ba za ta ba wani ya kawo min ba. Hanya dai kun san ta, Nsawam, Suhum, muka tsaya Nkawkaw na sha koko da ƙosai, azahar ta same mu a Ejisu.

Ina isa unguwar Aboabo a Kumasi ko ruwa ban gama sha ba ta fito da ƙunshin atamfa ta ce Ɗanlami zauna. Wasiƙu bakwai ne, duk da ajami, takardar ta yi ja ta yi laushi kamar za ta narke a hannu. Kaka saje ne a rundunar Gold Coast, wato Ghana ta yanzu, cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da aka kai Boma yaƙi da Japan a yaƙin duniya na biyu. Lokacin manyan hafsoshi kusan duk Turawa ne, sai a 1942 aka ba wani ɗan Gold Coast, Seth Anthony, muƙamin hafsa, shi ma Boma ya yi yaƙi, amma a bariki Hausa ake ji.

Ni ajamina bai da ƙarfi, sai muka kira wani tsohon malami na layin ya karanta mana a hankali, wlh abinda ya kama ni shine babu maganar harbi ko ɗaya, babu sunan gari, don sai an duba wasiƙa kafin a aiko. Ruwan sama yake ta faɗi, wai ba ya ɗaukewa, kaya a ka cikin daji, kewar goro, sannan a gaida Inna, a gaida Inna, kowace wasiƙa sai ya maimaita, kuma in matarsa ta sauka mace ce a sa mata sunan Innar. Malam na zuwa nan Goggo ta rufe fuska da mayafi, ai ita ce jaririyar, bai ganta ba sai da ta fara gudu a tsakar gida.

Washegari na hau trotro, ƙaramar motar haya, zuwa Adum na shiga tsohon sansanin Kumasi inda gidan tarihin soja yake. Na ga bindigogi da hotunan sojoji baƙaƙe a jere cikin kaki, na daɗe ina bin fuskokin ɗaya ɗaya ko zan ga goshin gidanmu, ban gani ba, amma na kasa tafiya.

Goggo ta hana ni tafiya da wasiƙun kuma ta yi gaskiya. Hoto na ɗauka a waya, duk shafi. A bas na dawowa Accra ina ta buɗe ta ƙarshen, wadda ya ce a ajiye masa goro fari.