Yadda Na Ɗauki Mai Raino Kafin Hutun Haihuwa Ya Ƙare

Saura makonni huɗu in koma aiki na fara neman mai raino, kuma da na fara tun saura wata biyu da bai yi yawa ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai haihuwa hutun makonni 12, ma'aikatan gwamnatin tarayya kuma nasu ya ɗan fi haka tsawo. Duk yadda kika yi lissafin, jaririn da za ki bari a gida bai kai wata shida ba. Nono kaɗai ya sani, wuyansa bai gama ƙwari ba, kuma ba shi da bakin gaya miki abin da ya faru bayan fitarki. Nawa watansa uku a lokacin, yayarsa kuma shekara biyu da rabi.

Kuskurena na farko a baki yake. Na baza cigiya cewa ina neman 'yar aiki, alhali mai raino nake nema. A Kano in kika ce 'yar aiki, dillaliya za ta kawo miki yarinya daga ƙauye da ƙullin kayanta a leda. Wadda aka kawo mini ba ta wuce shekara 11 ba. Ban bari ta kwana ba, na biya kuɗin mota aka mayar da ita. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, har da hukuncin ɗauri. Amma ko babu doka, yarinya irin wannan ita ma raino take buƙata. Barcinta nauyi ne da shi, bayanta bai isa goyon wuni ba, kuma babban haɗarin shi ne tsoro. In jariri ya suɓuce mata ya bugu a ka, tsoron duka zai sa ta rarrashe shi ta yi shiru, ke kuma sai dare ya yi kin ga yana amai ba ki san dalili ba. Babbar mace tana iya kallon idonki ta ce ga abin da ya faru.

Sai na sake cigiyar, na faɗi abin da nake so dalla-dalla: mace babba da ta taɓa rainon nata, mai zuwa da safe ta koma da yamma, gidanta ba ya wuce hawa adaidaita sahu sau ɗaya. Malamar Islamiyyarmu na gaya wa, da unguwarzomar layinmu, da wata ma'aikaciyar jinya a asibitin da nake kai rigakafi. Irin waɗannan su suka san wadda mijinta ya rasu take neman na abinci, da wadda ta aurar da 'ya'yanta hannunta ya zama babu kowa. Mai kwana tana da daɗi ga mai aikin dare, sai dai tana buƙatar ɗaki nata, kuma aikinta ba ya da ƙarshe sai kin sa masa iyaka da kanki. Mata huɗu aka turo mini cikin kwana goma.

Kada ki tambayi mace ko ta iya raino, babu wadda za ta ce a'a. Abin da na riƙa yi shi ne in kawo mata matsala in ji ta bakinta. "Iya, in jikinsa ya yi zafi ina wurin aiki, me za ki yi?" Ɗaya ta ce za ta ba shi jiƙo, wata ta ce za ta lulluɓe shi ya yi gumi. Wadda na ɗauka cewa ta yi, "Hajiya, sai in rage masa kaya in kira ki, ai ba ɗana ba ne da zan ba shi magani da kaina." Na kuma tambaya yadda za ta yi in ya ƙi yin shiru, da in yayarsa ta ƙi cin abinci. Daga nan sai in miƙa jaririn ba tare da na ce komai ba. A nan ake ganin wadda za ta nemi ruwa ta wanke hannu, da wadda za ta tallafi ƙeyarsa, da wadda hankalinta na kan wayarta.

Bincike shi ne wurin da kunya ke cutar mutane. Na je gidanta da ƙafata tare da maigidana, muka gaisa da ƙaninta wanda ya tsaya mata, muka karɓi lambarsa, muka tambayi mai unguwa ko ya san gidan. Na ɗauki hoton takardar NIN ɗinta, na ba ta lambobinmu da kwatancen wurin aikina, don ita ma tana da haƙƙin sanin gidan da za ta shiga. Na kira matar da ta yi wa raino a baya na yi mata tambaya biyu kacal: me ya raba ku, kuma in kin sake haihuwa za ki sake ɗaukarta? Yadda mutum ya ja numfashi kafin amsa ta biyu ya fi amsar bayani. Sannan asibiti. Tarin fuka ne ya fi damuna, don jariri a bayanta zai wuni, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Duk mai tarin da ya kai mako biyu ta je gwaji kafin ta fara. Na haɗa da gwajin ciwon hanta, na biya, na kuma raka ta don kada ta ɗauka ƙyama ce.

Mun rubuta yarjejeniya da Hausa a takarda ɗaya, ƙaninta ya sa hannu a matsayin shaida. Ƙarfe 7 na safe zuwa 5 na yamma, Litinin zuwa Juma'a. Aikinta yara biyu: wankansu, abincinsu, wankin kayansu, gyaran ɗakinsu. Girkin gida, wankin manya da aiken kasuwa ba nata ba ne. Albashi ranar 28 ga wata, kuɗin mota daban, abincin rana daga tukunyar gida, hutun Sallah da kayan Sallah, kuma duk wanda zai raba gari ya ba da sanarwar mako biyu. Wajen yanke albashi na tambayi gidaje uku a unguwa, na ɗora a kan mafi tsoka daga ciki. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa a 2024, naira 70,000, bai hau kan mai ɗaukar mutum ɗaya a gida ba, amma yana nuna miki inda tsadar rayuwa ta kai. A hannunta nake biya, ba ta hannun wani ba. Inda dillaliya ke karɓar albashi, mai aikin takan ga kaɗan ne ko ba ta gani sam, wanda kuma ba ya ganin ladan guminsa ba ya zama.

Mako biyun gwaji, wanda na biya cikakke, ya fi duk tambayoyin da na yi amfani. Kwana uku na farko ina gida muna yi tare. Daga nan in fita awa biyu, sai huɗu, sai wuni, in kuma dawo a lokacin da ban faɗa ba. Yayar ce ma'aunina: in ta ji sallamar Iya da safe, gudu take yi wajenta ko bayana take ɓuya?

Nono shi ya fi cin lokaci wajen koyarwa. Ina tatsa in zuba mil 90 zuwa 120 a kowane kofi mai murfi, in rubuta lokaci a jiki. Tatsattsen nono yana yin awa 4 a ɗaki mai sanyi, kwana 4 a firjin da wuta ba ta yankewa. Zafin Kano na watan Afrilu da wutar Nepa ba su san wannan lissafin ba, don haka a kula mai ƙanƙara nake ajiye shi. Ba a ɗora shi a wuta, a ruwan ɗumi ake tsoma kofin, kuma abin da ya rage bayan ya sha ba ya wuce awa 2. Inda muka fi ja da Iya shi ne ruwa. A ganinta zalunci ne a hana jariri ruwa da zafin nan, kuma da kyakkyawar niyya take faɗa. Umarni bai yi aiki ba, sai da na tafi da ita ranar rigakafi ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya cewa kafin wata shida nono ya ishe shi, ruwa kuma cika masa ciki yake yi ya kawo gudawa. Haka zuma: ba a ba yaron da bai shekara ba. Na nuna mata kwantar da shi rigingine, ba rubda ciki ba, da cewa ba a jijjiga jariri da ƙarfi komai kukansa. In ya ishe ta, ta ajiye shi a gadonsa ta kira ni.

Magunguna duk na kulle su, na bar mata ma'aunin zafin jiki da ORS (haɗin gishiri da sukari na gudawa) kawai. Dalili shi ne akwai masu ɗura wa yaro maganin mura ko na tari don ya yi barci su huta. Alamarsa yaro ya riƙa barcin da ba a iya tashinsa da rana, ya ƙi nono, da dare kuma ido biyu. A bangon kicin na manna takarda da manyan baƙaƙe: zafin jiki digiri 38, numfashi da sauri, ƙin shan nono, taune-taune, maɗiga ta faɗa. In ta ga ɗaya, asibiti kai tsaye, a hanya ta kira ni. Akwai kuɗin mota a ambulan a kan firji, da kati a wayarta, da maƙwabciyar da ta san da zancen.

Ita yayar, haɗarinta a tsakar gida yake. Bokitin ruwa ko bahon wanki rabi ya isa ya halaka mai tatata, don haka a kife suke ko a rufe. Kalanzir da fiya-fiya ba sa zama a robar lemo. Gyaɗa, aya da dabino mai ƙwallo ba a ba ta sai an niƙa ko an cire. Ba mai fita da yaran ƙofar gida, ko da ɗan'uwa ne, sai na faɗa da bakina.

Abin da ya kusa raba mu a wata na uku daga gare ni ya fito. Yau in ce ta ɗora mini wake, gobe ta tsaya har magariba don cunkoson hanya, jibi ta ɗauraye kwanuka. Ba ta yi magana ba, sai dai fara'arta ta ragu, ta fara makara. Na koma kan takardarmu, na sa kuɗi a kan kowace awar da na ƙara mata, na ɗauki wata mai zuwa wanke-wanke da shara sau uku a mako. Matsala ta biyu baki biyu ne: in ce kaza, surukata ta zo ta ce kaza, Iya ta rasa na wa za ta bi. Maigidan ne ya yi wa mahaifiyarsa bayani, don ba maganar da za ta fito daga bakina ba ce. In kuma akwai gyara, a ɗaki nake yi mata bayan yara sun yi barci, domin yarinyar da ta ji ana yi wa Iya faɗa ba za ta ƙara jin maganarta ba.

Rasuwa, biki da rashin lafiya ba sa sallama, kuma mace mai dangi dole ta je. Tun makon farko na shirya da ƙanwar mahaifiyata cewa in Iya ta kira da asuba ba za ta samu zuwa ba, wajenta zan sauke yaran. Jakar da ke ɗauke da famfas shida, kaya kala uku, zanin goyo da majanyi tana rataye a bayan ƙofa kullum, kular nono ce kawai nake ɗauka in ƙara.