Abin da baƙar damisa ta koya mini a ajin SVT

Duk malamin da ya koyar da SVT, wato kimiyyar halittu da ƙasa, a ajin ƙarshe na lise (babbar sakandare) ya san inda yara suke tuntuɓe a darasin gado. Zana akwatin Punnett, wanda ke nuna abin da ƴaƴa za su iya gada daga uwa da uba, ba ya ba su wahala, lissafin uku da ɗaya na waken Mendel kuwa haddace shi suke kamar karatun allo. Amma da zarar ka ce wannan siffa mai rinjaye ce, waccan mai ɓuya ce, shi ke nan, sun ɗauka mai rinjayen ita ce ta fi yawa a duniya, ita ce mai ƙarfi, kuma wata rana za ta cinye ɗayar. Na daɗe ina fama da wannan fahimta a nan Maraɗi. Abin da ya kawar da ita a ajina dabbobi biyu ne da babu ɗalibina ko ɗaya da ya taɓa gani ido da ido: baƙar damisa da baƙar jaguwa.

Damisa dai tamu ce, ta Afirka da Asiya. Jaguwa ƴar nahiyar Amurka ce, daga Meziko har arewacin Ajantina. Ta fi damisa kauri da girman kai, kuma a cikin zoben roɗi-roɗinta akwai ƙananan ɗigo waɗanda damisa ba ta da su. A cikin kowacce akan haifi baƙa wuluk. Nakan sa hotunan baƙaƙen biyu a wayata in miƙa ta, ta zaga benci-benci. Kafin ta dawo hannuna kowa ya yanke hukunci cewa dabba ɗaya ce. Sai in ce su buɗa hoton daidai kafaɗa, inda hasken rana ya sauka a karkace. Nan za ka ji ajin ya ɗauki hayaniya, don roɗi-roɗin yana nan bai je ko'ina ba, kamar zanen baƙar shadda da ba ya fitowa sai haske ya bugi ƙyallen. Masu bincike a Maleshiya da wannan suke ƙirga damisoshinsu: suna ɗaukar hoto da dare da hasken infrared, wanda ido ba ya gani, sai zanen kowacce ya bayyana, a bambance ta da ƴar'uwarta.

Launin gashi daga sinadarin melanin yake, kuma iri biyu ne, mai ba da baƙi da mai ba da ja-ja ko rawaya. Akwai ƙwayar gado da ake kira MC1R, ita ke umartar a yi baƙi. Akwai wata, ASIP, aikinta ta taka wa ta farkon birki don rawaya ta samu fitowa. A 2003 wani masani ɗan Barazil, Eduardo Eizirik, da abokan aikinsa suka gano cewa a baƙar jaguwa haruffa 15 ne suka ɓace daga rubutun gado na MC1R, sai ta zama ba ta daina ba da umarni. Kwafi ɗaya daga uwa ko uba ya isa ɗa ya fito baƙi. Wannan shi ne rinjaye. A 2012 aka gano na damisa, sai ga shi ta wata hanya daban: ASIP ce ta lalace. In ɗa ya gaji lalatacciya ɗaya da lafiyayya ɗaya, lafiyayyar za ta riƙe aikin, ya fito da roɗi-roɗinsa kamar kowa. Sai ya gaji lalatattu biyu, daga uwa da uba, kafin ya yi baƙi. Kama da wane ba ta wane.

Daga nan yara da kansu suke fitar da sauran. Baƙaƙen jaguwa biyu na iya haifar mai roɗi-roɗi, amma masu roɗi-roɗi biyu ba sa haifar baƙa. A damisa abin ya juye: masu roɗi-roɗi biyu na iya haifar baƙa, baƙaƙe biyu kuwa baƙa kawai za su haifa.

Sai in jefa musu tambayar da na gina darasin dominta: to wacce ta fi yawan baƙaƙe? Hannuwa su tashi, kowa ya ce jaguwa, tunda nata ne mai rinjaye. Ƙiyasin masana ya nuna kusan ɗaya cikin goma ne a kowacce. Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne zirin Maleshiya, inda hotunan da kyamarorin daji suka ɗauka suka nuna kusan duk damisoshin wurin baƙaƙe ne, alhali siffar mai ɓuya ce. A Afirka kuwa sai da aka ɗauki hoton wata a Laikipia ta ƙasar Kenya a 2018 da 2019 duniya ta ɗauka, domin tabbataccen hoton da masana suke ambata kafin shi na 1909 ne, daga Addis Ababa. Ita ma jaguwa, a kurmi mai duhu ake samun baƙarta, a fadamar Pantanal mai sarari ta Kudancin Amurka da wuya a gan ta.

Rinjaye magana ce ta cikin jiki ɗaya, wato in kwafi biyu suka haɗu, wanne ne zai fito fili. Yawa kuwa wurin zama ne ke yanke shi, da wanda ya rayu har ya haihu. Tun 1833 wani Bajamushe, Gloger, ya lura cewa dabbobin wurare masu laima sun fi duhun launi. A kurmin da rana ba ta kai ƙasa, baƙar damisa ta fi sajewa da inuwa. A cikin busasshiyar ciyawa irin tamu, barewa za ta hango ta tun daga nesa. Nakan kuma gaya wa yaran kada su ji kunyar ruɗewarsu, don manyan masana sun yi irinta. Punnett ɗin da suke zana akwatinsa an taɓa tambayarsa me ya sa siffa mai rinjaye ba ta mamaye jama'a, sai da ya kai maganar wurin abokinsa Hardy, masanin lissafi, wanda ya warware ta a 1908. A shekarar nan wani likita Bajamushe, Weinberg, ya kai ga amsa ɗaya.

Mu mutanen Maraɗi ma ba baƙi ba ne ga wannan. Jar akuyar da muke alfahari da ita, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ta yawaita ne saboda makiyaya da ma'aikatan kiwo sun daɗe suna zaɓen jan bunsuru su bar shi ya yi barbara. Aikin da kurmi yake yi wa damisa, a nan mutane ne suka yi shi.

Abu na biyu da na koya shi ne lissafi ba ya zama a kan yaro sai ya bi ta hannunsa. Nakan zo da ƙoƙo biyu, ɗaya uwa ɗaya uba, kowanne da farin wake da jan wake daidai wa daida. Yaro ya rufe ido ya ɗauko ƙwara ɗaya daga kowanne, a rubuta a allo, a mayar, a girgiza, wani ya taso. Ja da ja shi ne baƙar damisa. Wani lokaci ja da ja ya fito sau uku a jere, ajin ya ce Mushe, wato malam, lissafinka ya ƙi. Wani lokaci a daɗe bai fito ba. Sai layukan allo sun yi yawa kafin a ga abin ya doshi ɗaya cikin huɗu. A nan suke gane cewa kowace haihuwa sabon ɗauka ce, ƙoƙon bai san abin da ya fito a baya ba.

Wannan darasi ya fi ƙarfin jarrabawar BAC ta gama lise, kuma wata ɗaliba ce ta nuna mini haka. Bayan an tashi ta tsaya har kowa ya fita, tana murza bakin hijabinta, ta ce, "Mushe, ke nan sikila ma haka take?" Na ce haka take, ƴata. Ƙannenta biyu suna da ita, kuma dangin uba sun daɗe suna cewa daga wajen innarta cutar ta shigo gidan. Muka zauna na zana mata a kayenta: uba AS, uwa AS, wato kowanne na da lafiyayyar ƙwaya A da ƙwayar sikila S, dukansu lafiya lau, kowace haihuwa akwai ɗaya cikin huɗu na SS. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓa daga ɓangarorin biyu. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta tambaya ko za ta iya nuna wa babanta. Na ce ta nuna masa cikin ladabi, kuma su je asibiti a yi wa kowa awon jini, don takarda ta likita ta fi zanen malami nauyi a gaban manya.

Abin yana ci mini rai, yadda ake ɗora wa mata laifin abin da mutum biyu suka haɗu suka bayar, babu kuma wanda ya zaɓa. Dalilin yawan sikila a ƙasashenmu ma irin na damisar Maleshiya ne. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Duk wanda ya ga yadda asibitocinmu suke cika da yara a watan Agusta da Satumba zai gane me ya sa wannan ƙwaya ba ta ɓace daga cikinmu ba.

Auren zumunci kuma nakan taɓo shi a hankali, ta bakin wata dabba. A dajin Similipal na Indiya akwai taiga, ƴan'uwan damisa masu zane-zane, waɗanda wasunsu ke da faɗin zane har baƙin ya kusa rufe jikinsu. Binciken 2021 ya nuna ƙwaya ce mai ɓuya, Taqpep, kuma ta yawaita a can saboda garken ƙarami ne, a ware yake, dangi da dangi ke haɗuwa. Zumunci ba ya ƙirƙiro cuta, amma yana ƙara yiwuwar mutum biyu su riƙe abu ɗaya a ɓoye. Shi ya sa nake roƙon ɗalibaina, maza da mata, su san ko jininsu AA ne ko AS ko SS tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Aikin gida da nake ba su a ƙarshen babin na kyanwa ne, domin baƙin kyanwar gida ma daga ASIP yake, mai ɓuya, kamar na damisa. Kowa ya nemi wadda ta haihu a unguwarsu, Zariya ko Bagalam ko Ali Ɗan Sofo, ya rubuta launin uwar da na ƴaƴan, in an san muzurun a haɗa da shi, sannan ya zana akwatin da zai iya bayyana abin da ya gani. Wanda ya kawo hoton baƙin zaki daga Facebook kuma ina tambayarsa inda aka ɗauke shi, don har yau ba a tabbatar da baƙin zaki ko ɗaya ba.