Kwana Biyu Tsakanin Argungu da Gwandu

Shekara shida abokina yana yi mini gorin ban taɓa taka ƙasarsu ba. Tare muka yi makaranta a Zariya, ya ci tuwon gidanmu har ya san inda ake ajiye ludayi, ni kuwa sunan Argungu kawai nake ji a rediyo idan lokacin bikin kamun kifi ya zo. Da hunturun bana na ce gorin ya isa haka. Na kwana a Sakkwato, washegari da sassafe na shiga motar haya, kafin rana ta yi zafi har mun sauka.

Gaisuwar mahaifiyarsa na fara yi. Na durƙusa na ce, "Inna, mun same ku lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Ashe kana tafe?" Ba ta bari mun fita ba sai da muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi. Shinkafar ta gonarsu ce da ke fadama, kifin kuma da safiyar nan aka fito da shi daga ruwa.

Gidan tarihi na Kanta muka fara zuwa. Nan ne fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958. Sunan Muhammadu Kanta aka sa masa, wanda ya kafa daular Kabi wajen 1515 bayan ya ɓalle daga Songhai, ya gina birninsa a Surame. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka, da tamburan yaƙi, da layu, da kayan kamun kifi irin na Kabawa. Amma inda na daɗe a tsaye shi ne wajen kaburburan sarakuna. Mai yi mana bayani yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya kamar mai lissafa kakanninsa, kuma da ya zo kan Yakubu Nabame, wanda ya ɗaga tutar Kabawa a 1849, sai muryarsa ta canza. A makaranta an koya mini cewa mutanen Shehu sun ci Birnin Kabi (Birnin Kebbi na yau) a 1805, daga nan aka wuce babi na gaba. Babu malamin da ya gaya mini cewa Kabawa sun koma Argungu sun yi ta fafatawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin rabin labari aka ba mu muka ɗauka shi ke nan.

Da la'asar muka gangara Matan Fada. Na yi zaton zan ga wani ƙaton kogi, sai na tarar da ruwa kwance shiru, ba faɗi sosai, yara na wasa a gefe. Abokina ya ce ba a su a wannan wurin sai ranar biki, shi ya sa giwan ruwa ke samun girma, kuma babu mai shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Ranar kuwa dubban masunta ne ke rugawa lokaci guda, kowa da gorarsa da homarsa. Bikin ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934, wadda ta rufe tsohuwar gaba. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya.

Washegari muka hau babur ɗinsa zuwa tasha, muka bi ta Birnin Kebbi, inda Sarkin Gwandu yake zaune yanzu. Ba mu tsaya ba sai don shan ruwa.

Gwandu ƙaramin gari ne idan aka auna da sunansa. Daga nan aka mulki yammacin daular Usmaniyya, ɓangaren da ya faɗo hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a rabon 1812, har Nupe da Ilori. Muka cire takalma muka shiga hubbarensa. Babu wani ado, sai tsabta da sanyi da mutane kaɗan suna addu'a ƙasa-ƙasa. Mutumin da har gobe ake karanta tafsirinsa a zaurukan malamai, ga shi kwance a wuri mai sauƙi haka. Idona ya ciko da ƙwalla.

Da muka fito na tambayi abokina, shi da yake Bakabe, yaya yake ji a nan. Ya yi dariya ya ce kakarsa ta wajen uwa 'yar Gwandu ce, kuma tun yana yaro ake kawo shi ziyara. Ya nuna mini wata unguwa ya ce gidan kawunsa na can, kuma idan suka ji mun shigo gari ba mu leƙa ba, shi za a ɗora wa laifi. Muka nufi can, ana kiran sallar azahar.