Inda Aka Kwana a Aikin Mayar da Honda CG125 Cafe Racer

'Yan uwa masu koyon wannan aiki, ga bayanin inda na tsaya. Injin yana tashi da kik ɗaya ko biyu, birkin gaba da na baya suna kamawa, sababbin tayoyi sun hau, tanki kuma ya rabu da tsatsarsa. Abin da ban yi ba har yanzu shi ne kai zarto jikin shasi, kuma da gangan na jinkirta, domin duk sauran ayyukan ana iya kwance su a sake, amma ƙarfen da aka yanke ba ya komawa yadda masana'anta ta yi shi. Wanda kuɗinsa ke da yawa yana iya farawa ta inda ya ga dama. Mu da muke ƙirga kowace naira, sai mun bi abin daki-daki: lafiyar babur tukuna, siffa daga baya, yanka a ƙarshe.

Wasu daga cikinku sun yi mamakin zaɓen CG125, tunda salon cafe racer ya samo asali ne daga manyan baburan Ingila. Gaskiya ne. A shekarun 1950 da 1960 samarin Landan sukan taru a wuraren shan shayi na bakin hanya, mafi shahara shi ne Ace Cafe da ke kan titin North Circular, wanda aka buɗe a 1938, suna tsere daga wannan shago zuwa wancan. Burinsu shi ne babur ya kai mil 100 a awa, wato kusan kilomita 160, shi ya sa suke cire duk abin da ke ƙara nauyi, su sauke ƙarfen hannu ƙasa, su mayar da wurin zama na mutum ɗaya. Har sukan ɗora injin Triumph a kan shasin Norton su sami babur da suke kira Triton. CG125 ba zai taɓa ganin wannan gudu ba, domin ƙarfinsa bai wuce na doki 11 ko kusa da haka ba, kuma idan ya haura kilomita 100 a awa ya yi iya ƙoƙarinsa. Abin da muke aro daga waɗancan samari shi ne dabarar ragewa, kuma ragewa ba ta cin kuɗi.

Dalilin zaɓen nawa na aljihu ne. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975, bayan ma'aikatansa sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake labta wa babur kaya, ana kuma barin baƙin mai ya daɗe ba a canza ba. Sai suka ƙera inji mai silinda ɗaya, cc 124, wanda sandunan turi ke buɗe bawulolinsa maimakon sarƙar da ke hawa saman inji, don ya jure sakaci. An ci gaba da ƙera shi a Brazil da Pakistan, kamfanonin Sin kuma suka kwaikwayi injin suka cika kasuwannin Afirka da shi. Amfanin wannan a gare mu shi ne ringi, gasket, wayar kuloci da boris duk ana samun su a shagon kayan babur na unguwa, abin da ya gagara kuma a leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Sai dai a riƙa tafiya da tsohon a hannu ana gwadawa, saboda ba kowane kayan kwaikwayo ne ke zama daidai a kan na asali ba.

Kafin in biya kuɗin babur ɗin na gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a takardu. Ku ma ku yi haka, kuma idan an zo goge fenti kada samfefa ta cinye lambar nan.

A kan inji ne mafi yawan lokacina ya tafi, ko da yake ban wargaza shi ba. Na zubar da tsohon mai, na ciro 'yar ragar tace mai da ke bayan murfin zubarwa tare da sifirin ɗinta na wanke, sannan na cire murfin ɓangaren kuloci na kankare daskararren dattin da ya taru a cikin matacin nan mai juyawa, wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Injin yana shan kusan lita 1. Daga nan sai saitin bawul, wanda ina ganin kowane mai koyo ya kamata ya iya da hannunsa. Ana yin sa ne inji na sanyi. Za ka cire murfin sama, ka juya injin a hankali har alamar T da ke jikin magneto ta daidaita da tsagar da ke gefen injin, ka taɓa ƙarafan nan biyu masu danna bawul ka ji duka suna ɗan motsi; idan sun ƙame, ka ƙara juyi ɗaya cikakke. Sai ka zura siririn ma'auni na milimita 0.08 a tsakani, ka sassauta noti, ka murɗa har ka ji ma'aunin yana wucewa da ɗan ja kaɗan, sannan ka riƙe ka ɗaure. Bayan ɗaurewa a sake aunawa, domin noti yakan ja saitin ya tafi da shi. Wannan aiki da sabon fulogi da wanke kafireta su ne suka kawar da ƙarar ƙas-ƙas da babur ɗin ya zo da ita, ba tare da an taɓa fistin ba.

Nawa tsohon yayi ne mai wutar bolt 6 da kontak, wato ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa don ba fulogi wuta. Na bar shi a haka, na gyara tazarar kontak zuwa tsakanin milimita 0.3 da 0.4, na canza wayoyin da suka bushe. Mayar da shi bolt 12 abu ne mai kyau, amma ba na wannan zangon ba ne.

Akwai wurin da na saɓa wa hotunan da muke gani na baburan Turai, wato matacin iska. Kusan dukkansu sukan cire akwatin iska su maƙala ƙaramin mataci mai siffar mazurari a bakin kafireta, don tsakiyar babur ya zama fayau. Abin yana da kyau a ido, amma mu muna da hunturu. Ƙurar da ke sauka a Kano daga Disamba zuwa Fabrairu laushi gare ta kamar garin tuwo, kuma irin waɗannan matatai masu araha ba sa tare ta, sai ta wuce ta riƙa cin ringi da bangon silinda. Ban da haka, idan iska ta ƙaru ba a ƙara girman jet ba, wato ramin da mai ke bi a cikin kafireta, man da ke shiga yakan yi kaɗan, inji ya riƙa zafi yana shiƙa idan an ja totur. Saboda haka na bar akwatin asali da sosonsa, wanda ake wankewa a shafa masa mai a matse, na yi masa baƙin fenti don ya ɓace wa ido.

Tankin na asali ne, kuma cikinsa ya yi ja da tsatsa. Na cire famfon mai na toshe ramin, na zuba notuna cikin hannu guda na yi ta girgizawa har ɓawon ya saki, sannan na cika shi da ruwan khal na bar shi ya kwana biyu. Ruwan da ya fito launin shayi ne mai kauri. Na ɗauraye da ruwa mai ɗan baking soda don kashe tsamin, na shanya a rana nan take, na kuma zagaya cikinsa da ɗan mai, saboda ƙarfen da aka wanke da tsami yakan sake tsatsa kafin la'asar. Ku ƙirga notunan kafin zubawa da bayan fitarwa. Idan kuma tankinku ya huje, kada ku yarda a kai masa wutar walda don kawai ba mai a ciki, domin tururin fetur da ya rage shi ne ke fashewa.

Fiye da rabin abin da na kashe zuwa yanzu ya tafi ne a kan abubuwan da mai kallo ba zai lura da su ba: tayoyi, tib, boris na wili da na wuya, sarƙa da farantanta masu haƙora, kayan birki na cikin wili da wayoyinsu. Wilin inci 18 ne, na sa 2.75 a gaba da 3.00 a baya. Manyan tayoyin nan masu ƙiba da ake yayi ba su dace da siririn wili ba, kuma nauyinsu yakan cinye ɗan ƙarfin da injin ke da shi.

Yanzu ina kan siffa, kuma kayan aikina zare ne da kwali da salatif. Abin da ke sa babur ya amsa sunan cafe racer shi ne miƙaƙƙen layi guda da ke tashi daga ƙasan tanki ya bi ta ƙasan wurin zama har ƙarshe, yana tafiya daidai da ƙasa. Na tsayar da babur a kan daɓe mai kyau, na ɗaura zare daga wuya zuwa baya, na ja da baya na tsuguna ina kallo. A CG125 bayan tanki yakan ɗan sunkuya, don haka na ɗaga shi da roba mai kauri har ya hau zaren. Na yanka kwali siffar wurin zama da ɗan tudun bayansa, na manna, na rage, na sake mannawa. Ƙa'idar da nake bi ita ce tudun kada ya fi tanki tsayi, ƙarshensa kuma kada ya wuce saitin tsakiyar tayar baya. Sai kwalin ya gamsar da ni za a yanka farantin ƙarfe a kansa, a kai wa mai ɗinkin kushin.

Ƙarfen hannu na sa irin mai lanƙwasa ƙasa, wanda ke zama a maɗaurin asali, saboda ya fi masu kama ƙafafun gaba araha. Da ya sauka sai wayoyin totur da kuloci suka yi tsawo, dole aka sake musu hanya. A juya kan babur har ƙarshe dama da hagu, a tabbata hannu bai matsu da tanki ba, totur kuma yana komawa da kansa a kowane ɓangare. Matakan ƙafa suna nan a wurinsu na asali, abin da ke sa gwiwa ta ɗan takura. Mayar da su baya yana buƙatar sabon sandan birki da na giya, kuma na ajiye shi sai aljihu ya huta. Madigadin gaba na rage masa tsawo amma ban cire ba, domin yana taimakawa wajen riƙe ƙafafun gaba wuri ɗaya, ga kuma damina.

Abin da ke gaba shi ne yankan. Na riga na yi alama da alli a bayan inda shokazoba ke ɗaure, domin wannan mahaɗar ita ke ɗauke da nauyi kuma ba a taɓa ta. Kafin zarto ya sauka zan cire shokazoba biyun, in ɗaga tayar baya zuwa iyakar inda za ta kai idan an faɗa rami, in tabbata akwai tazarar yatsu biyu tsakaninta da inda sabon ƙarfe mai lanƙwasa da zai rufe ƙarshen shasi zai zauna. Na yi magana da mai walda cewa za a zura gajeren bututu a cikin mahaɗar sabon ƙarfen da shasi kafin a haɗa, kuma za a cire batir da tanki gaba ɗaya. Haka nan za a yi wa lambar babur da fitilar baya da sigina mazauni tun a lokacin, don kada a dawo a ƙona sabon fenti. Fentin tanki kuwa mai fentin mota zan kai wa, ya rufe shi da ruwan ƙyalli (lacquer) mai haɗi biyu, tunda fentin gwangwani yakan narke da zarar fetur ya ɗiga a kansa.